Littafin Alƙali da Asalin Talaka: Abin da Muke Barin Gara Ta Ci a Ƙasar Gummi

Duk wanda ya saba duba kundayen digiri da ɗalibanmu ke rubutawa a kan tarihin garuruwansu ya san yadda babi na biyu yake zuwa: jerin sarakuna, tun daga wanda ya sari gari har zuwa mai ci yanzu, kowanne da adadin shekarun da ya yi a kan karaga. In an yi sa'a a ƙara da salsalar gidan limamai ko ta gidan alƙalai. Sauran mutanen gari kuwa, manoma da masunta da maƙera da majema, da matan da suka haife su, sai a dunƙule su cikin jimla guda, a ce yawancin mazauna garin manoma ne, a wuce. Ra'ayin da nake son in kare a wannan maƙala shi ne cewa waɗannan bayin Allah ba su ɓace gaba ɗaya ba. Sunayen wasunsu, da na matansu da 'ya'yansu da maƙwabtan gonakinsu, suna kwance cikin tsofaffin littattafan shari'a na kotunan alƙalai. Mu manazarta Hausa mun fi kowa kayan aikin karanta waɗannan littattafai, mun kuma fi kowa kau da kai daga gare su. Zan tsaya a kan ƙasar Gummi da maƙwabtanta Bukkuyum da Anka, domin nan na fi sani, kuma nan ne lokaci ya fi ƙure mana.

Gidajen sarauta na wannan yanki ba su rasa marubuta ba. E. J. Arnett ya taɓo su a kundin bayanan Lardin Sakkwato da aka buga a 1920. Kurt Krieger ya fitar da tarihin Zamfara cikin Jamusanci a 1959, bisa abin da ya tattara a Anka. Garba Nadama ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan tashi da rushewar daular Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Ko da babu waɗannan, sunayen sarautun kansu tarihi ne: Sarkin Zamfara a Anka, Sarkin Mafara a Gummi, Sarkin Danko a Bukkuyum, kowanne yana nuni ga wata tsatso da wata ƙaura. Makaɗan fada irin su Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo sun adana nasabar iyayen gidansu a bakin jama'a. Gidajen malamai ma haka. Mun san Shaihi Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ɗa ne ga Malam Mahmudu alƙalin Gummi, domin ya ba da tarihin rayuwarsa, Isma'ila Tsiga ya rubuta, an buga a 1992. To, mutanen da suka durƙusa gaban Malam Mahmudu suna jayayya a kan sadaki ko jaki ko iyakar fadama fa? Su ma suna da jikoki a Gummi yau, kuma mafi yawan jikokin nan ba su iya wuce kakan kaka idan aka ce su ja nasabarsu.

Matasan da suka fara sha'awar bin diddigin asalinsu a 'yan shekarun nan, yawanci daga intanet suka ga yadda ake yi a Ingila da Amurka. A can mai bincike yakan fara da takardar cinikin fili, ko wasiyya, ko rajistar coci, wadda a Ingila aka wajabta ajiye ta tun 1538. Sai ɗan Gummi ya taso da wannan zato, ya nufi sakatariyar ƙaramar hukuma yana neman takardar gonar kakansa. Ba zai same ta ba, kuma ba lallai ne a ce an ɓatar da ita ba. Galibi ba a taɓa rubuta ta ba.

Dalilin haka yana cikin tarihin dokar ƙasa a Arewa. Kafin zuwan Turawa malamai sun san hukuncin mallakar ƙasa, har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe wa batun littafi guda, Ta'alimur Radi. Sai dai hujjar manomi a kan gonarsa ita ce shaidar maƙwabta da sanin mai gari. Bayan faɗuwar Sakkwato a Maris 1903, kwamitin da ya zauna a Landan a 1908 a kan filayen Arewa ya yanke cewa Bahaushe bai san mallakar ƙasa ta mutum ɗaya ba, amfani kawai ya sani. A kan wannan fahimta, wadda masana da dama suka soka daga baya, aka gina dokar 1910 da ta danƙa dukkan filayen Arewa a hannun Gwamna, aka sabunta ta a 1916. Takardar shaidar zama a fili ta zama abin kamfanoni da baƙi da mazauna wasu unguwannin birane. Dokar 1962 ta bi wannan sawu. Dokar amfani da filaye ta 1978 ma ta bar manomin karkara a kan gonar da yake nomawa ba tare da ta tilasta masa riƙe takarda ba. Saboda haka shekara ɗari da 'yan kai, gonakin tudu da na fadamar Gulbin Zamfara sun yi ta sauya hannu ta hanyar gado da aro da jingina da kyauta da saye, a gaban dagaci da shaidu, da baki.

Akwai takardun haraji, kuma ba na raina su. Rahotannin ƙiyasin haraji da jami'an Turawa suka rubuta a kan gundumomin Lardin Sakkwato suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Suna ba da sunayen hakimai da dagatai da ƙauyuka, da sana'o'in mutane, da yawan dabbobi. Mai neman sanin ko tungar kakanninsa ta wanzu a lokacin zai amfana. Amma a cikinsu talaka lamba ne, kuma lambar ma abin tuhuma ce, tun da duk mai hankali a wancan zamani ɓoye shanunsa yake yi ranar jangali.

Inda talaka ya fito da sunansa shi ne gaban alƙali. Dokokin kotunan ƙasa da Turawa suka kafa tun daga 1900 da 1906 sun bar alƙalai a kan aikinsu, amma sun ɗora musu ajiye littafin shari'a wanda Razdan ko Di'o zai iya dubawa. Muhuti ne ke rubutawa, da farko cikin Larabci, daga baya aka koma Hausar boko. Abin da irin wannan littafi zai iya bayarwa ba zato ba ne, an gwada an gani. Allan Christelow ya fassara shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, ya buga a 1994, kuma a cikinsu ana ganin bayi da zawarawa da fatake da manoma suna magana a kan gidaje da gonaki da 'yanci. Masana tarihin daular Usmaniyya kuwa sun daɗe suna gina tarihin iyalai na Alƙahira da Dimashƙa da Bursa daga sijillan kotunan shari'a. Babu dalilin da zai sa littafin alƙalin Gummi ko na Anka ya kasa yin irin wannan aiki.

Shari'ar gado ita ce ta fi kowace albarka ga mai neman asali. A fiƙihun Malikiyya alƙali ba ya raba dukiya sai an tabbatar masa da mutuwar mamaci, da iyakar magadansa, da cewa dukiyar tasa ce. Wannan tabbatarwa ita ce taskar. Za a jero matan mamaci domin a fitar musu da tumuni, a ambaci mahaifiyarsa in tana da rai domin sudusinta, a lissafo 'ya'ya maza da mata, a kira masu bin bashi da waɗanda ake bi, a rubuta shaidu da waɗanda suka tsarkake shaidun. A shafi guda mai bincike zai iya samun tsatso uku na gida ɗaya, da surukansu, da abokan cinikinsu. Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne matan. Salsalar da ake haddacewa a zaure ta maza ce zalla, wane ɗan wane ɗan wane. Kakar da aka auro daga Bukkuyum, ko gwaggon da aka kai ƙasar Zuru, sukan faɗi daga lissafi bayan tsatso biyu. Shari'a ba ta da ikon mantawa da su, domin suna da rabo, ko da wakili ne ya tsaya musu suna cikin kulle.

Sai dai kada a ɗauka kowa yana ciki. Kotu tana karɓar ushira a kan dukiyar da ta raba, don haka iyalai da yawa sun gwammace su kira malamin unguwa ya raba musu a gida, ko su bar gona a gandu ba rabo. Rigimar iyaka ma mafi yawanta a zauren dagaci ko na hakimi take mutuwa, abin da ya gagara ya wuce majalisar Sarkin Musulmi a Sakkwato, tun da a zamanin En'e Gummi gunduma ce a ƙarƙashin Sakkwato. Sakamakon haka abin dariya ne da ban takaici: zuriyar da ta zauna lafiya da juna ba ta bar sawu ba, masu husuma su ne tarihi ya riƙe. Haka kuma rashin suna a littafi ba ya nufin rashin mutum. Steven Pierce ya nuna yadda Sarkin Kano ya hana mata gadon gida da gona a 1923, ba a janye hanin ba sai 1954. Wanda ya karanta rabon gadon Kano na tsakanin shekarun nan bai san da wannan ba, zai zaci an yi zamanin da ba a haihuwar mata. Kowace masarauta tana da irin nata umarnin da ya lanƙwasa abin da muhuti ya rubuta, kuma wajibi ne a san shi kafin a yanke hukunci a kan shafi.

Wahala ta gaba ita ce inda takardun suke. Gummi ba ta motsa daga bakin gulbi ba, amma hukumar da ke kanta ta sauya sau da yawa. Daga Lardin Sakkwato ta shiga Jihar Arewa maso Yamma a 1967. A 1968 aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mai da su kotunan yanki ƙarƙashin gwamnatin jiha. A 1976 ta zama cikin Jihar Sakkwato, a 1 ga Oktoba 1996 cikin Zamfara, sannan a 2000 kotunan shari'ar Musulunci suka gaji kotunan yanki. Kowane sauyi yana nufin an kwashe kaya, an sauya ma'aji, an raba fayil. Mai bin sawun gida ɗaya zai iya buƙatar Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gusau, da ɗakin ajiyar kotun garinsu, da kuma adakar jikokin wani tsohon alƙali da ya tafi da littafinsa gida ranar da ya bar aiki. Na taɓa shiga irin wannan ɗakin ajiya a wata kotu da ba zan ambata ba. Littattafan suna jibge a ƙasa, tare da kekuna da buhunan da aka kawo shaida, na ƙasan sun manne da juna saboda laima. Ma'aikacin da ya buɗe mini bai yi mugunta ba. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa abin da ke ƙarƙashin kekunan nan ya fi kekunan daraja.

A nan ne nake ganin aikin ya zama namu fiye da na masu nazarin tarihi ko lauyoyi. Samun littafin somin-taɓi ne, gane wanda ke cikinsa shi ne aiki, kuma wannan ilimin sunaye ne da al'ada. A ƙaddara gida ya san kakansa da Nomau, saboda an haife shi lokacin noma. Matansa ba su taɓa kiran sunansa na yanka ba saboda alkunya, 'ya'yansa Baba suke cewa, jikoki suka tashi ba su ji wani suna ba sai Nomau. Muhuti kuwa, da yake Larabci yake rubutawa, zai sa Muhammadu ɗan Abubakar, kuma a Gummi ta wancan lokaci masu wannan suna sun isa su cika sahu. Wani muhutin zai rubuta laƙabin da baƙaƙen Larabci ba wasali, ta yadda Bawa da Buwai za su zo da sura kusan ɗaya. Wanda bai san cewa Tanko ƙanen mata ne ba, ko cewa Cindo mai yatsa shida ne, ko cewa Audu da Abdu da Abdullahi mutum ɗaya ne, ba zai iya ɗinke shafi da shafi ba. Sunan iyali irin na Turawa kuwa babu shi. Abin da ya yi kama da shi makarantar boko ce ta kawo, inda aka riƙa liƙa wa yaro sunan garinsu, shi ya sa muke da Shehu Shagari da Aminu Kano da Abubakar Gumi. Ko sunan garin ma bai tsaya wuri ɗaya ba a takardun Turawa: Gummi da Gumi, Bukkuyum da Bukwium.

Abin da ke warware irin wannan ruɗani sau da yawa shi ne iyakar gona. Muhuti yakan rubuta wanda ke gabas da yamma da kudu da arewa, wani lokaci da alama: tsamiya, ko kuka, ko layin gamba, ko burtali. Mutum yana da suna uku, amma gonar da ke tsakanin burtali da tsamiya guda ɗaya ce. Idan dattijon gida ya ce gonar Nomau tana iyaka da ta gidan maƙera ta gabas, littafi kuma ya nuna wani Muhammadu mai iyaka da wani maƙeri ta gabas, an kama bakin zare. Haka lissafin lokaci. Littafi yana da rana da wata na Hijira, tsohuwa kuma tana da nata kalandar: shekarar yunwa, shekarar fara, shekarar da aka naɗa wane. Michael Watts ya tattaro sunayen yunwoyin ƙasar Hausa a littafinsa na 1983, irin su Kakalaba ta 1914 da 'Yar Gusau ta 1942. Da irin waɗannan turaku ake ɗaure maganar baki da kwanan watan takarda.

Akwai masu ganin cewa da zarar an samu takarda, maganar tsofaffi ta faɗi. Ban yarda ba, kuma fiƙihun da alƙalan suka yi aiki da shi ma bai yarda ba. Malikiyya sun karɓi shaidar ji, wato mutum ya ce mun daɗe muna ji daga amintattu da waninsu cewa wane ɗan wane ne, ko gonar nan ta gidan wane ce, a al'amuran nasaba da mutuwa da daɗaɗɗiyar mallaka. Ke nan abin da ke cikin littafin alƙali, a mafi yawan lokuta, maganar baka ce da aka yi wa tawada. Fifikonta a kan hirar da zan yi da dattijo yau abu biyu ne: tana da kwanan wata, kuma an faɗe ta a gaban abokin husuma wanda aka ba damar ya ƙaryata. Rauninta kuma a fili yake. Mai magana yana neman gona ne, ba ya neman gaskiyar tarihi. Yana iya tsallake ɗan'uwa don rabo ya ƙaru, ko ya mai da aro kyauta. Muhuti ya taƙaita zancen yini guda cikin layi biyar, ya juya shi daga Zamfarci zuwa Larabcin littafi. Duk dabarun da Jan Vansina ya koya mana na tace ruwayar baka, wa ya faɗa, ga wa, don me, suna aiki a kan wannan takarda daidai yadda suke aiki a kan kirari.

Ga masu nazarin harshe kuma akwai garaɓasa. Littattafan da aka rubuta da Hausar boko sun kama karin harshen yamma a bakin mutanen da ba su taɓa tunanin ana adana maganarsu ba: kalmomin noma da su, sunayen ma'auni, zagi, rantsuwa, yadda mace ke neman saki. Muna koke kullum cewa ba mu da rubutaccen Zamfarci na da in ban da waƙa. Ga shi nan a zube.

Yanzu sai ɓangaren da ya fi nauyi, wanda ya sa wasu dattawa, da na gaya musu abin da nake nazari, suka yi shiru kafin su amsa. Littafin alƙali bai san kunya ba. Dokar Turawa ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilu na shekarar ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. A tsakanin nan, kamar yadda Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka bayyana a 1993, dubban bayi sun sami 'yanci ta hannun kotunan alƙalai, ta hanyar murgu ko fansa, kuma an rubuta sunayensu da asalinsu da wanda ya fanshe su. Yankin Gummi da Bukkuyum yana bakin iyaka da ƙasar Zuru, iyakar da ta ga ciniki da auratayya, ta kuma ga hare-hare a ƙarni na 19. Duk wanda ya buɗe littattafan farkon ƙarni na 20 a irin wannan wuri zai ci karo da gidajen da yau ake girmamawa, waɗanda kakarsu ta shigo a matsayin baiwa ko ƙwarƙwara. Zai ci karo da shari'ar ciki da aka yi musun ubansa, da wanda aka ɗaure kan sata. A Amurka jikokin bayi suna neman kakanninsu cikin lissafin dukiyar iyayen gijinsu, suna kuma alfahari da abin da suka gano. A nan ba mu kai wurin ba. Har gobe ana aika dattawa binciken asali kafin a ba da aure, kuma kalma guda tana iya rushe baiko.

Wasu za su ce, to, a bar kaza cikin gashinta. Na fahimci tsoron, amma ban bi su ba. Barin littafin ya ruɓe ba ya kare kowa, domin masu gori ba su taɓa buƙatar takarda ba, da baki suke yi, kuma sau da yawa da ƙari. Abin da ruɓewar ke kashewa shi ne damar jikan baiwar nan ya san sunanta, da garin da aka rabo ta da shi, da cewa wataƙila ita ta tara kuɗin fansar kanta da kaɗi da saƙa. Amma ban kuma yarda a ɗauki hoton shafukan a watsa a Facebook da sunan ilimi ba. Tsakanin ƙonawa da tallatawa akwai hanya: a adana komai, a buɗe wa mai neman gidansu abin da ya shafi gidansu, manazarci kuma ya sakaya sunaye a duk abin da zai buga in ya taɓa bauta ko nasaba ko laifi. Ya kamata sassanmu su rubuta wannan ƙa'ida kafin ɗalibi na farko ya fita da kyamara.

Tsoro na biyu shi ne tayar da tsohuwar husuma, wani ya ga sunan kakansa a kan fadamar da ke hannun wasu yau ya garzaya kotu. Wannan yana iya faruwa, sai dai shari'a tana da nata birki. Ƙa'idar hauzi ta ce wanda ya ga wani yana amfani da fili shekara 10, yana nan, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, ba a sauraron ƙararsa, tsakanin dangi kuma wa'adin ya kai shekara 40. Hauzi ba ya aiki idan ta hanyar aro ko jingina ko haya aka shiga gonar, kuma ba ya aiki a kan wanda ba ya nan ko wanda tsoro ya rufe wa baki.

Wannan togaciya ta ƙarshe ita ce ta mai da batun daga sha'awar masana zuwa larurar yau. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna tayar da ƙauyuka a yammacin Zamfara. Garin Anka ya cika da 'yan gudun hijira, haka Gummi da Bukkuyum sun karɓi mutanen tungayen da aka watse. Gonakin da aka bari sun zama saura, gamba ta haɗe, an sare itatuwan da ke nuna iyaka. Dattawan da suka san wace gona ce aro, wace ce gado, suna mutuwa a gidajen haya da azuzuwan makaranta, nesa da ƙasar da suka haddace. Tsarin da ya riƙe mallakar ƙasa ba takarda tsawon ƙarni ya dogara ne da abu guda, wato maƙwabta su ci gaba da zama maƙwabta. Ranar da aka koma, in Allah ya kawo zaman lafiya, yaran da suka bar ƙauye a goye su ne za su tsaya gaban alƙali, kuma za a tambaye su shaidu. Tsohon hukuncin da ya ambaci iyakoki huɗu na wata gona, ko rabon gadon da ya jero magada, zai iya zama abin da ya rage. Burtali da makiyaya ma haka, kuma kowa ya san rawar da cinye su ta taka a wannan fitina. Ita kanta takardar ba ta tsira ba. Ambaliyar da ta auka wa garin Gummi a Agusta 2024 ta rushe gidaje masu yawa, kuma ruwa ba ya tambayar abin da ke cikin adaka.

Aikin da nake kira a yi bai fi ƙarfinmu ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Gusau suna da ɗaliban Hausa da na Larabci 'yan asalin wannan yanki, waɗanda ke neman batun kundi kowace shekara. A haɗa ɗaya daga nan ɗaya daga can, domin littafin yana buƙatar mai karanta rubutun muhuti da mai sanin laƙabi da karin harshe. Matakin farko ƙidaya ce kawai: kowace kotu, littafi nawa, daga wace shekara zuwa wace, da wane harshe, a wane hali. Wannan yana buƙatar izinin hukumar shari'a ta jiha, kuma ina ganin masarauta za ta iya buɗe ƙofar, musamman da yake Sarkin Mafaran Gummi da ya hau a 2013, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, tsohon Babban Jojin Babbar Kotun Abuja ne, ba sai an yi masa bayanin darajar littafin shari'a ba. Bayan ƙidaya sai ɗaukar hoto, a fara da mafi tsufa da mafi lalacewa, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, har da Gidan Arewa a Kaduna. Laburaren Birtaniya yana da shirin tallafa wa ceton takardun da ke cikin haɗari, kuma ya taɓa ɗaukar nauyin irin wannan aiki a Arewacin Nijeriya, amma wayar hannu mai kyau da fitila sun isa a fara. Gidajen tsofaffin alƙalai da muhutai a bi su da ladabi, a ɗauki hoto a bar musu kayansu.

Hira da dattawa kuma kada a jinkirta ta har sai an gama da takardu, a yi su tare, a fara da waɗanda ke gudun hijira. A tambayi tsoho gonakin ƙauyensu ɗaya bayan ɗaya, daga bakin gari zuwa daji, wa ke gabas, wa ke yamma. A tambayi tsohuwa sunan yanka na mijinta da na surukarta, in ta ji nauyin faɗa a sa jikanyarta ta faɗa, ita ta gyaɗa kai.